Darar yaƙi: a ɗora tafiyar Zariya zuwa Kano ta 1903 a kan tebur

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da malaman tarihi, da iyaye, da shugabannin ƙungiyoyin matasa na Kaduna a kan wani wasa da muke kira darar yaƙi. Ana shimfiɗa taswirar wani yaƙi da ya auku a tarihi, a jera 'ya'ya a madadin rundunoni, sai mutum biyu ko ƙungiya biyu su zauna, kowa ya riƙe ɓangare ɗaya, ya yanke irin shawarar da shugabannin yaƙin suka yanke, da iya ƙarfin da ke hannunsu a lokacin. Waɗanda ake shigowa da su cikin kwali daga waje suna da tsada, kuma galibinsu yaƙe-yaƙen Turai da Amurka ne. Tarihinmu ma yana hawa tebur, kuma ba ya bukatar komai sai kwali da murafun kwalba. Shi ya sa muka kawo tsarin wasa ɗaya daga farko har ƙarshe, yadda duk malamin da ya karanta zai iya haɗa shi da ɗalibansa a yini guda.

Asalin abin aikin soja ne. A 1824 wani hafsan Furushiya, tsohuwar masarauta a ƙasar Jamus, mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyan hafsoshin ƙasarsa wasan da ake bugawa a kan taswira ta gaskiya, ɓangare ɗaya ja, ɗaya shuɗi, da alƙali a tsakiya wanda shi kaɗai ke ganin duka rundunonin biyu. Rundunar ta karɓe shi a matsayin hanyar horar da hafsoshi. Daga baya ya shigo gidajen farar hula: a 1954 Charles Roberts ya fitar da Tactics a Amurka, a 1957 aka fitar da wasan da aka sani da Risk a Faransa, a 1959 kuma aka fitar da Diplomacy, wanda babu dayis (ɗan jefawa mai fuska shida irin na ludo) a cikinsa ko ɗaya. A Kaduna, garin da ke da makarantar horar da hafsoshi tun 1964, ga kuma Jaji a maƙwabtaka, abin mamaki ne a ce yaranmu ba su san wannan wasa ba.

Yaƙin da muka zaɓa shi ne tafiyar da rundunar Turawan Ingila ta yi daga Zariya zuwa Kano. Kanar Morland ya tashi daga Zariya ranar 29 ga Janairu 1903 da sojoji baƙar fata sama da 700, da hafsoshi Turawa 24, da igwa huɗu, da bindiga mai jigida ta Maxim huɗu. Ranar 1 ga Fabrairu suka fasa ƙofar Bebeji da harsashin igwa. Ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano ta Ƙofar Kabuga. Sarki Aliyu Babba ba ya gari a lokacin, ya tafi Sakkwato da mafi yawan dawakinsa don yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a. Wannan tafiya ta dace da mai koyo domin gajera ce, hanya ɗaya ce, kuma ɓangarorin biyu ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Ɗaya yana da wuta amma yana nesa da gida, cikinsa kuma yana kan 'yan dako. Ɗayan yana da ganuwa da dawaki da sanin ƙasa, amma ba ya iya tsayawa gaban harsashi a fili. Akwai kuma wata gaskiya da ya kamata ɗalibi ya riƙe tun kafin ya taɓa murfi: yawancin sojojin da ke bayan Morland Hausawa ne da Yarbawa.

A fara da allon. A sami farin kwali mai tsawon santimita 84 da faɗin 59, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan makaranta na Kasuwar Gumi. Wasannin waje suna amfani da gidaje masu kusurwa shida, kamar saƙar zuma, kuma da dalili. A gida mai kusurwa huɗu, wanda ya bi ta kusurwa yana cin tazarar da ta fi ta mai tafiya miƙe da kusan kashi 40 cikin 100, sai ka ga kowa yana tafiya a karkace don ya ci riba. Zana kusurwa shida da hannu yana da wuya, domin kuskuren milimita ɗaya a gida na farko yana taruwa, kafin ka kai ƙarshen kwali layi ya gudu. Ga dabara mai sauƙi: a zana gidaje masu kusurwa huɗu na santimita 4, amma kowane layi a goce shi da rabin gida daga na samansa, kamar yadda magini ke jera bulo. Da haka kowane gida yana taɓa gidaje shida daidai, biyu a gefe, biyu a sama, biyu a ƙasa. Za a sami layi 14, kowanne da gida 20 ko 21. A fara da fensir da doguwar rula, sai an gama duka a bi da biro.

Kowane gida kilomita 8 ne, kowane zagaye kuma kwana ɗaya. A sa Zariya a gefen hagu a layin tsakiya, a ƙirga gida 12 a sa Bebeji, a ƙara 6 a sa Kano. A ja jan layi ya haɗa su, shi ne hanya. A zana Kogin Challawa da shuɗi yana bin gefen gidaje, ya ratsa hanya tsakanin Bebeji da Kano. Duk gidajen da ke tazarar gida biyu daga Kano a shafa musu ruwan ɗorawa, su ne gonakin karkara. Sauran duka daji ne. Soja mai tafiya ƙasa yana cin gida uku a rana, wato kilomita 24. Ka raba 18 da uku, ka sami kwana shida, daidai da 29 ga Janairu zuwa 3 ga Fabrairu, Bebeji kuma ta faɗo a kwana na huɗu kamar yadda ta auku. Wannan ne gwaji na farko da ake yi wa kowace darar yaƙi: idan babu mai tare hanya, dole tafiyar kan allo ta yi daidai da tafiyar tarihi. In ba ta yi ba, a gyara ma'auni kafin a ci gaba.

'Ya'yan wasa murafun robar ruwa ne ko na lemo, guda 38, launi biyu. Kowane ɗa yana da lamba biyu, ta farko ƙarfinsa, ta biyu tafiyarsa. Ɓangaren Turawa yana da 14. Dakaru shida, kowanne ƙarfi 5, tafiya 3. Sojan doki ɗaya, ƙarfi 3, tafiya 5. Igwa biyu, ƙarfi 2, tafiya 3. Maxim biyu, tafiya 3, ƙarfinsu 3 idan su suka kai hari, amma 10 idan su aka kawo wa hari. 'Yan dako uku, tafiya 3, ba su da ƙarfi ko ɗaya. Ana manna musu farin salatif a sama a rubuta lambobin kowa ya gani. Ɓangaren Kano yana da 22. Dakaru masu baka da mashi takwas, ƙarfi 2, tafiya 3. 'Yan bindiga biyu, ƙarfi 3, tafiya 3. Barade shida, ƙarfi 2, tafiya 5. 'Yan lifidi biyu, ƙarfi 4, tafiya 4. Sai murafu huɗu da ba a rubuta komai a cikinsu ba, su ne jita-jita da ƙurar da ake hangowa daga nesa, tafiyarsu 5. Lambobin Kano a cikin murfi ake rubuta su, a kife, abokin karawa ba ya ganin abin da ke ciki. Murafu biyun da suka rage, ɗaya na ƙirga kwanaki ne, ɗaya na ƙirga guzuri, a kan layuka biyu da za a zana a gefen kwali.

Lambar tafiya ita ce makin da ɗa ke da shi a rana. Shiga gidan hanya ko na karkara maki ɗaya ne ga kowa. Shiga daji maki biyu ne ga Turawa, ɗaya ga Kanawa, domin ƙasarsu ce. Gida ɗaya ba ya ɗaukar fiye da 'ya'ya huɗu, a ɗora su kan juna. Zariya ba ta da iyaka, Bebeji na ɗaukar uku, Kano na ɗaukar takwas, kuma gara a zana wani akwati a gefe a rubuta masa "cikin birni" a zuba su a nan, don murafu takwas ba sa tsayuwa a kan juna. Wannan doka ta 'ya'ya huɗu a gida ita ce ke miƙar da rundunar Turawa a kan hanya kamar ayarin fatake. 'Ya'ya 14 suna cin gida huɗu, na baya yana bin na gaba da tazarar yini guda, kuma mai wasa ba shi da zaɓi sai ya yanke abin da zai sa a gaba da abin da zai bari a wutsiya.

Duk ɗan da ya shiga gidan da ke maƙwabtaka da abokin gaba dole ya tsaya a ranar, ko da makinsa bai ƙare ba, sannan a buɗe murfin da ya tsayar da shi. In wofi ne a cire shi daga allo, amma ya riga ya ci wa ayari rana. Sojan doki kaɗai ne idan ya buɗe wofi yake ci gaba da tafiya, ya kuma share wa na bayansa hanya. Wanda ya yi sakaci da wannan ɗa guda ɗaya, ko ya jefa shi faɗa ya mutu da wuri, zai ga murafu huɗu marasa komai sun cinye masa kwanaki.

Kowane zagaye yana tafiya a jere ɗaya, kada a saɓa: a rage guzuri da ɗaya, Turawa su yi tafiya, igwa ta yi harbi, Turawa su kai hari in suna so, Kanawa su yi tafiya, Kanawa su kai hari in suna so, a matsar da murfin kwana. Harbin igwa na fasa ƙofa ne kawai. Kowace igwa da ke jikin gari mai ganuwa tana jefa dayis sau ɗaya a rana. A Bebeji 3 zuwa 6 na fasawa, a Kano sai 5 ko 6. Da igwa biyu a jikin Kano, damar fasa ƙofa a rana ɗaya 20 ce cikin 36, ta ɗara rabi kaɗan. Da igwa ɗaya, ɗaya ce cikin uku. Muddin ƙofa ba ta fashe ba, ana ninka ƙarfin masu tsaron Bebeji sau biyu, na Kano sau uku. Doki a cikin ganuwa ƙarfinsa 1 ne, kowane iri ne.

Faɗa shi ne inda sababbi suka fi rikicewa, don haka za mu tsaya a kansa. Mai kai hari yana tara ƙarfin duk 'ya'yansa da ke maƙwabtaka da gidan da yake nufi, ko da daga gidaje daban-daban suke. A tara ƙarfin masu tsaro. A raba na farko da na biyu, a yar da abin da ya yi saura, domin kullum mai tsaro ake bai wa rangwame: 11 a kan 4 biyu ne bisa ɗaya, ba uku ba. Sai a jefa dayis a yi masa gyara. Idan mai hari bai kai ƙarfin mai tsaro ba, a rage 2. Idan daidai suke har zuwa ƙasa da ninki biyu, babu gyara. Ninki biyu a ƙara 1, ninki uku a ƙara 2, ninki huɗu ko fiye a ƙara 3. Wanda ya kai hari ta tsallaken kogi ya ƙara rage 1. In sakamakon ya zama 1 ko ƙasa, mai hari ya rasa ɗa ɗaya, sauran su ja baya gida ɗaya. In 2 ko 3 ne, ya ja baya gida ɗaya ba asara. In 4 ne, kowane ɓangare ya rasa ɗa ɗaya, kowa ya tsaya inda yake. In 5 ko 6 ne, mai tsaro ya ja baya gida biyu. In 7 ne ko sama, mai tsaro ya rasa ɗa ɗaya sannan ya ja baya. Mai ɗa shi ke zaɓar wanda zai bayar. Idan masu tsaron gari suka ja baya, an ci gari.

Wanda ya zauna ya ƙirga zai ga abin da jadawalin ke koyarwa. A ƙarfi daidai, fuska biyu ce kawai cikin shida ke korar mai tsaro. A ninki biyu fuska uku, a ninki uku fuska huɗu, a ninki huɗu fuska biyar. Mai kai hari da ƙarfin da bai kai ba kuwa babu fuskar da ke ba shi nasara, rabinsu ma asara ce zalla. Ɗauki ranar Bebeji. Dakarun Kano uku suna ciki, ƙarfinsu 6 bayan an fasa ƙofa. Tarin gaba na Turawa igwa ɗaya ne da dakaru uku, jimla 17. Ninki biyu ke nan, maki ɗaya tak ya hana shi kai wa uku. Idan mai wasa ya yi tanadi tun jiya, ya ajiye sojan dokinsa a gida na tara, yau zai iya zagayowa da shi ta daji, maki ɗaya a hanya, huɗu a daji, ya tsaya a kafaɗar gari. Jimla ta zama 20, ninki uku, damar cin gari ta tashi daga rabi zuwa biyu cikin uku. Irin wannan lissafi ne zuciyar wasan, kuma tun daren jiya ake yin sa.

Yanzu guzuri, wanda a ganinmu shi ne darasin da littafin aji ba ya iya bayarwa yadda allo ke bayarwa. Layin guzurin Turawa yana farawa daga 14. Kowace rana yana raguwa da ɗaya. Duk ranar da igwa ta yi harbi ko Maxim ta shiga faɗa, a ƙara rage ɗaya, kuɗin harsashi ke nan. Cin Bebeji yana ƙara biyu. Rasa ɗan dako ɗaya yana rage uku. 'Yan dakon da aka samu su kaɗai ba mai gadi, kama su ake yi ba tare da jefa dayis ba, kuma duk tarin da aka tilasta wa ja da baya yana yar da ɗan dako ɗaya in yana tare da shi. Ranar da guzuri ya kai sifili, Turawa sun faɗi, ko suna bakin ƙofa. Mai riƙe da Kano da ya fahimci wannan ba zai taɓa aika baradensa kan Maxim ba. Zai zagaya ta daji ya nemi wutsiyar ayari. Tarihi ma ya nuna abin da ke samun dokin da ya tunkari wuta gaba da gaba: a Kwatarkwashi, ƙarshen Fabrairun shekarar, 'yan tsirarun sojoji da suka yi sahu mai kusurwa huɗu sun tare hare-haren dawakin Kano, a nan Wazirin Kano Ahmadu ya kwanta dama.

Jerin farawa iri biyu ne. Na farko shi ne na tarihi: dakaru uku a Bebeji, dakaru biyar da 'yan bindiga biyu a Kano, barade biyu da murafun wofi huɗu a ko'ina tsakanin Bebeji da Kano, sauran dawaki suna wajen allo tare da Sarki. A wannan jeri za a ci Kano a yawancin lokuta, kuma haka ya kamata. Don haka ana buga shi sau biyu, a yi musayar ɓangare, wanda ya ci birni a kwana mafi kusa shi ya yi nasara, in kwanakin sun zo ɗaya a duba wanda guzurinsa ya fi saura. Na biyu shi ne tambayar da kowane ɗalibi ke yi: da Sarki yana gida fa? A nan duka 'ya'ya 22 suna kan allo, a ƙara wa Turawa guzuri biyu, kuma sai sun ci Kano kafin ƙarshen kwana na 10 ba tare da rasa 'ya'yan faɗa huɗu ba. In ba haka ba, Kano ta yi nasara. Dubi tsaka-mai-wuyar da ke ciki. Birni na iya riƙe ƙarfi 18 bayan an fasa ƙofa. Duka ƙarfin harin Turawa 43 ne. In suka bar Maxim ɗaya da dakare ɗaya suna gadin 'yan dako, saura 35, bai kai ninki biyu ba da maki ɗaya. In suka bar Maxim kaɗai, saura 40, ninki biyu ya samu, amma dawakin Kano takwas masu ƙarfi 20 za su sami ninki biyu a kan mai gadin.

A nan ne muke ganin masu haɗa irin wannan wasa suka fi kuskure. Tausayi ko kishin gida yakan sa a ƙara wa Kanawa ƙarfi har su yi daidai da Turawa don wai a yi adalci. Da an yi haka an ɓata tarihi, ɗalibi kuma zai tashi da zaton cewa rashin jarumta ne ya ba da Kano. Adalcin wasa a sharaɗin nasara yake. A bar kowane ɓangare da ƙarfinsa na gaskiya, a auna mai wasa da abin da ya iya yi da shi: kwana nawa ya jinkirta abokin gaba, guzuri nawa ya ƙona masa. Lambobin da muka bayar mafari ne. A buga sau goma ana musayar ɓangare, a rubuta sakamako a littafi. In ɓangare ɗaya ya ci takwas ko fiye a jeri na biyu, a canza lamba ɗaya kawai, kwanan ƙarshe ko guzuri, a sake buga goma. Wanda ya canza abu uku lokaci guda ba zai san wanne ne ya yi aiki ba.

Akwai maganar da ba za mu tsallake ba. Iyaye da malamai da yawa ba sa son ganin dayis a hannun yaro, saboda hanin da ya zo a hadisi ingantacce game da wasan nardu, wani wasa da ake yi da dayis, da kuma kusancinsa da caca. Wannan damuwa ce ta gaskiya, hukuncinta kuma na malamai ne. Abin da za mu iya bayarwa shi ne hanyar buga wasan ba dayis. A yanka ƙananan kwalaye 12, kowane ɓangare ya riƙe shida masu lamba 1 zuwa 6. Duk inda doka ta ce a jefa dayis, kowa ya zaɓi kwali ɗaya ya kife, a buɗe tare, a haɗa lambobin biyu, in jimlar ta wuce 6 a cire 6. Wato 4 da 5 sun ba da 3, 2 da 3 sun ba da 5. Kwalin da aka yi amfani da shi yana zama a buɗe a gaban mai shi. Idan ya rage ɗaya a hannu, kowa ya kwashe nasa duka a sake, domin kwali na ƙarshe kowa ya san shi. Da wannan, sakamako ya koma ga zaɓin mutum da iya karanta abokin karawarsa da tuna abin da ya fita. Kuɗi kuwa, ko na sayen ruwan leda ne, kada a sa shi a kan wasa ko sau ɗaya.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma su ke kashe wasa. 'Ya'yan takarda iskar fanka ko ta hunturu na kwashe su, shi ya sa muka ce murfi. Kwali yana lanƙwashewa da damina, maganinsa a manna shi a kan falankin filawud, kafintocin Panteka za su yanka maka daidai awo, sannan a rufe shi da farar leda. Tawadar alƙalamin maka tana nasowa a kwali ta haɗiye layuka, fensir mai launi ya fi. Gardama a kan doka tana tashi ne idan dokar tana bakin mutum ɗaya, don haka a rubuta ta a takarda ɗaya gaba da baya, a naɗa alƙali na uku wanda ba ya wasa, maganarsa ce ta ƙarshe har a tashi, gyara sai wasa na gaba. Wanda ya ɗaga hannu daga murfi ya gama tafiyarsa. In ƙungiya ce ke wasa, mai baki yakan ƙwace komai sauran su zama 'yan kallo. A raba musu aiki: a ɓangaren Kano ɗaya ya riƙe birni, ɗaya Bebeji, ɗaya dawaki, kuma kada su yi shawara sai minti biyu a farkon kowane zagaye. A ba kowane ɓangare minti huɗu na tafiya, ta haka wasa zai ƙare cikin kusan awa ɗaya da rabi, ya shiga tsakanin La'asar da Magariba. Kada kuma a ɗora wa mai koyo duka dokoki ranar farko. A fara da tafiya da faɗa, wasa na biyu a shigo da guzuri, na uku a kife murafu.

Bayan an tashi a ba da minti goma na tambaya, domin a nan malamin tarihi ke girbin abin da ya shuka. Me ya sa ka bar Bebeji da mutum uku? Wace rana ka gane guzurinka ba zai kai ba? Daga nan a miƙa zuwa abin da ya biyo baya, cin Sakkwato ranar 15 ga Maris, da Burmi ranar 27 ga Yuli 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Ɗalibin da yake son ƙari, Gidan Arewa da ke Titin Rabah da gidan adana takardun tarihi na ƙasa duk suna nan cikin Kaduna. A tuna wa yara kuma cewa kowane murfi da aka ɗauke daga allo mutane ne da suke da iyali, wasunsu jikokinsu na zaune a ajin.

Zaɓen yaƙin da za a ɗora a tebur yana bukatar hankali a gari irin namu. Ba mu goyon bayan a yi wasa da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, balle rikice-rikicen da aka yi a jihar nan waɗanda masu raunukansu suna raye. Wanda ya ƙware a wannan na Kano yana neman na biyu, ga yaƙin Bama (Burma) na lokacin yaƙin duniya na biyu, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi faɗa da Japan, har aka ci Myohaung a Janairun 1945. Sunayen barikin Dalet da Kalapanzin a nan Kaduna, da Chindit a Zariya, duk daga can suka samo asali, kuma mutane da yawa suna wuce su kullum ba su sani ba. Wannan allo zai bukaci dokar kogi da ta ruwan sama da ta jefo abinci daga jirgi.

Roƙonmu gare ka, Edita, shi ne ka ba da shafukan tsakiya na fitowa ɗaya a buga taswirar Zariya zuwa Kano da gidajenta, jadawalin faɗa da layukan kwana da guzuri a gefe, yadda mai karatu zai zare ya manna a kwali. In shafin bai kai santimita 84 ba, a rage gida zuwa santimita 3, murfin robar ruwa zai zauna a ciki, amma a bar gida 12 tsakanin Zariya da Bebeji, da 6 tsakanin Bebeji da Kano.

Mun gode. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wasu malaman tarihi masu buga darar yaƙi,
Tudun Wada, Kaduna.